Na kai mussoshina biyu wurin aski a Yantala

Ƙanena ne ya bar mini su da zai tafi karatu, kuma duk tsawon zamanmu ina ɗauka jinsinsu ɗaya. Dukansu farare ne masu gashi buzu-buzu. Sai da zafin Afrilu ya kankama, rana ta wuce digiri 40, Gimbiya ta koma kwanciya a kan simintin banɗaki tana haki, gashin cikinta ya cure kamar kitson da ya shekara. Ita kuwa Tauraruwa tana bisa katanga abinta. Wata maƙwabciya ce ta kwatanta mini wani ɗan shago a unguwar Yantala ta Yamai, inda ake sayar da abincin dabbobi, ana kuma yi musu wanka da aski.

Saurayin da ke wurin bai taɓa almakashi ba sai da ya buɗe gashin kowace da yatsa. Ya ce, "Hajiya, waɗannan ai ba dangi ba ne." Gimbiya ƴar Farisa ce, wato Iran ta yau: fuska a baje, hanci ɗan guntu, jiki a dunƙule. Ƙarƙashin dogon gashinta akwai wani gashi mai kauri kamar auduga, shi ne ke curewa idan ba a taje shi kullum ba. Guntun hancin nan shi ya sa numfashi ke yi mata wuya a zafi, shi ya sa kuma hawaye ke bar mata jan layi a gefen ido. Ni kuma ina ta zaton ciwon ido ne. Tauraruwa Angora ce, sunan daga Ankara ta Turkiyya, siririya mai manyan kunnuwa. Gashinta hawa ɗaya ne, sulɓi kamar siliki, da wuya ya cure, kuma da zafi ta kan zubar da shi da kanta.

Abin da ya saye ni shi ne ya ƙi yi wa Tauraruwa aski, alhali kuɗi ne zai shiga aljihunsa. Taje ta kawai ya yi. Ya kuma tafa hannu a bayanta, saboda farar mussa mai shuɗin ido sau da yawa kurma ce. Tawa ta zabura, alhamdu lillahi. Gimbiya ta sha askin zaki, aka bar mata gashin kai da tuntun wutsiya. Yarana sun yi dariya har da hawaye. Ya ce in kai ta wurin likitan dabbobi a duba ƙodarta, don jinsin Farisa na gadon ciwon ƙoda, shi ba aikinsa ba ne.

Inda suka gaza: an ce in zo ƙarfe 10, ba a taɓa mu ba sai wajen azahar. Ana tsakiyar aski aka ɗauke kuran, babu janareto, ɗakin ya zama tanda, ga Gimbiya rabin jiki a aske tana haki, ni ina yi mata fifita da kwali. Na biya jika 8 har da matajin ƙarfe, ban ga tsadarsa ba.

Zan koma, amma da sanyin safiya, kuma Gimbiya kaɗai zan ɗauka.