Aikin wucin gadi na mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma: me ya tsinana wa Sakkwato?

Shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Janairun 2021 ta hannun hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, ya ware wa kowace ƙaramar hukuma gurbin mutum 1,000. Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, ke nan mutum 23,000, tun daga Illela har Tambuwal. Kowa zai yi wata uku ana biyansa Naira 20,000 a wata, jimilla 60,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne.

Abin yabo na farko shi ne ba a nemi takardar makaranta ba. Lebura, bazawara, matashin da ya bar karatu, duk ƙofa a buɗe take. Na biyu, aikin ya faɗo cikin rani, lokacin da mazan ƙauyuka ke ɗaure jaka su tafi ci-rani Kudu. Wanda ya samu gurbi ya samu dalilin zama kusa da iyalinsa.

Aikin kansa na ƙarfi ne: yashe magudanan ruwa, sharar kasuwa da tasha, cike ramukan hanya, gyaran harabar makaranta da asibiti. A nan ne tsarin ya yi rauni. Yasar kwata a watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, kusan aikin baban giwa ne, domin kafin ruwa ya sauka a Yuni iska ta mayar da yashi da leda. Lokacin da ya dace shi ne Afrilu zuwa Mayu. Kuma ko an yashe, in babu tifa da za ta kwashe taɓon cikin kwana biyu, a bakin kwatar zai bushe, awaki da ƙafar jama'a su tura shi inda ya fito. Rukunin mutum goma yana buƙatar aƙalla baro biyu, shebur huɗu, manjagara biyu da diga ɗaya, sannan kowa da takalmin roba da safar hannu. Mai shiga kwata da silifa, fasasshiyar kwalba ce ke jiransa.

Babban ƙorafi shi ne biyan kuɗi, wanda ya yi jinkiri a sassa da dama na ƙasar. Wani ɓangare na matsalar daga takardu yake. Mutum ya rubuta Garba a fom alhali BVN ɗinsa, wato lambar shaidarsa ta banki, na ɗauke da Abubakar, ko Mamman a madadin Muhammadu, sai kwamfuta ta ƙi shi. Haka asusun da aka daɗe ba a taɓa ba. Duk mai neman irin wannan shiri nan gaba ya fara zuwa banki ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a BVN da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), layin wayar da ya bayar kuma nasa ne. Kada ya ba kowa ko sisi da sunan kuɗin fom.

A ganinmu shirin ya share hawaye na ɗan lokaci, amma bai mayar da mutane bakin aiki ba, domin ranar da wata uku ta cika babu inda aka miƙa su. Alhali ita NDE tana da tsarin haɗa matasa da masu sana'a su koyi walda, ɗinki ko gyaran babur. Da an ɗaura wannan a wutsiyar wancan, ko a haɗa kuɗin mutum biyar a saya musu injin ban ruwa su kama noman albasa a fadamun Goronyo da Wurno, da Naira 60,000 ɗin ta zama jari maimakon cefanen wata uku.