BulkFileChanger ya gyara min kwanan watan hotunan biki

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan ciwon kan, ka kwashe hotuna daga memori zuwa kwamfuta, ka taɓa wasu a Photoshop, daga baya ka jera su da kwanan wata sai ka ga hotunan buɗar kai sun rigayi na kamu, ɗaurin aure kuma ya faɗo tsakiya. Dalili kuwa Windows lokaci uku yake riƙe wa kowane fayil, ranar da aka ƙirƙire shi, ranar da aka yi masa gyara, da ranar da aka buɗe shi na ƙarshe. Kana yin kwafi, na farkon ya koma na yau, kana sebin, na biyun ma ya tafi.

Ni dai BulkFileChanger, wani shirin kwamfuta na shafin NirSoft, nake amfani da shi, kyauta ne, ɗan mitsitsi, ba ma a instolin ɗinsa, ka buɗe zip ɗin kawai ya tashi. Abin da ya sa ya shiga raina shi ne yana iya ɗauko ainihin lokacin da kamara ta rubuta a cikin hoton, wato EXIF, ya ɗora shi a kan fayil ɗin, kuma duka folda a lokaci guda ba ɗaya-ɗaya ba. Sannan akwai wajen ƙara ko rage lokaci, wallahi wannan ya fi komai yi min amfani, don in mu biyu muka ɗauki biki da wuya ka ga agogon kamarorinmu ya zo daidai, in tawa ta wuce ta yarona da awa ɗaya sai in zaɓi nasa in ƙara musu awa ɗaya, shikenan amarya ta fito daga mota kafin ta shiga zaure, ba akasin haka ba.

Amma fa fuskarsa ta tsufa sosai, rubutu ƙanana, akwatunan da za ka yi wa alama sun yi yawa, wanda bai saba ba zai iya canja abin da bai yi niyya ba. Shi ya sa ba na taɓa komai sai na ajiye kwafin foldar a gefe. Hotunan da dangin amarya suke turowa ta WhatsApp kuwa ba ya iya musu wannan dabarar, don an riga an goge EXIF ɗinsu a hanya, sai dai ka duba ranar da ke cikin sunan fayil ɗin ka sa da hannu, ko ka roƙe su su turo a matsayin dokumen.

Lokacin buɗewa na ƙarshe kam ban damu da shi ba, filashi mai FAT32, wato wani tsarin fomat na filashi, rana kaɗai yake riƙewa babu awa babu minti, a Windows 7 ma a kashe yake zuwa. Lokacin gyara shi ne wanda yawanci ake jera hotuna da shi, shi nake sa wa ido kafin in miƙa wa masu biki filashinsu.