Masu zanen da sunka zana muna ofis a Sakkwato, abin da na gani bayan shekara guda

Salam 'yan uwa. Tun da munka tare sabon ofishinmu can wajen Arkilla mutane ke ta tambayata wa ya zana muku wanga gini, wai da gaske ne ba ku tada janareta, to yau dai na ce bari in zauna in rubuta sau guda kowa ya karanta. Sunan kamfanin ba zan sa ba don akwai inda zan yi ƙorafi kuma ban son abin ya koma tozarci. Matasa ne su huɗu, akitek biyu da injiniyan wuta da wani yaro mai harkar netwok.

Mu aikinmu lissafin kuɗi ne da shigar da bayanai ma 'yan kasuwa da makarantu, mun kai mu 20 kowa da kwamfutarshi. Inda muke haya da, tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ta koma abokiyar rabon ribarmu, ga zafin Sakkwato kun san shi, daga Maris zuwa Mayu sama da digiri 40 kusan kullum, fanka iskar wuta kawai take hurowa.

Ranar farko hoton wani bene na Abuja na kai musu, gilashi tun daga ƙasa har sama, na ce irin wanga nike so. Babban cikinsu ya duba ya ce Alhaji wannan in ka gina shi nan tanderu ka gina, kuma duk wata sai ka biya kuɗin sanyaya shi. Gaskiya raina bai so ba a lokacin. Sai ya ce mu haɗu a filin da ƙarfe uku na rana, cikin Afrilu ne fa, munka tsaya babu ko inuwar kara, ya juya ni ina fuskantar yamma ya ce to duk tagar da ka buɗe ta nan abin da ma'aikatanka za su sha ke nan har la'asar sakaliya. Daga nan ban ƙara musu gardama ba.

Ginin sai sunka shimfiɗa shi tsawonshi daga gabas zuwa yamma, tagogi kudu da arewa, bangon yamma kuma babu taga ko ɗaya, nan sunka jera matakala da banɗakuna da sito su tare zafin kafin ya kai ga mutane. Wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk da nan anka haife ni, babban nasu ya ce Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Agusta rana ta ɗan arewa take bi da tsakar rana, shi ya sa har tagogin arewa sai da sunka yi ma 'yar rumfar kankare a kai. Bangon waje bulo biyu ne da rata a tsakani, rufin kwano fari, ƙarƙashinshi an shimfiɗa abin tare zafi kafin silin, tsakiya kuma tsakar gida da dogonyaro biyu. Ya ce ba wata sabuwar dabara ba ce, dubi tsofaffin soraye na cikin gari wajen Hubbare da Kanwuri, katangar tubali mai kauri da 'yan ƙananan tagogi can sama, ka shiga zaure da azahar ka ji kamar an yayyafa ruwa. Abin nan ya taɓa ni ƙwarai don gidan kakana haka yake.

Bazarar da ta wuce na gwada da hannuna. Bayan la'asar na fita na aza tafi a bangon yamma ta waje, wallahi ban iya barinshi ba sai da na janye, na shigo na aza a daidai wurin ta ciki, ɗumi-ɗumi kawai.

Sai bayan duk wannan sunka zo kan sola, kuma nan ne na gane dalilin jerin. Tunda ginin bai shan zafi sosai ƙananan AC masu inbata (masu ƙarancin cin wuta) sun wadatar, a digiri 24 muke barinsu, fitilu duk LED kuma da rana ba a ma kunna su, sai yawan fanel da batir da za mu saya ya ragu sosai kan lissafin da wani mai sola ya taɓa yi min. Fanel ɗin na kallon kudu an ɗan jingina su, an ɗaga su sama da rufi iska na bi ta ƙasa, don injiniyan ya ce fanel haske take so ba zafi ba, in ta wuce digiri 25 ƙarfinta raguwa yake kaɗan-kaɗan. Batir na litiyom ne, an yi mishi ɗakinshi a inuwa. Janareta na nan, amma sai in hadari ya rufe gari kwana biyu a Agusta ko hazo ya yi kauri muke waiwayarta. Wanda ya tuna Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu ya san mi nike nufi in na ce hankalina a kwance yake.

Ɓangaren intanet yaron nan ya burge ni. Tun kafin filasta ya sa anka binne bututu zuwa kowane tebur, na wayar netwok daban na wuta daban, irin wayar netwok da ake kira Cat6 ya sa kuma ɗakin saba, wato inda babbar kwamfuta da na'urorin netwok suke, ya matsa sai an sa shi tsakiyar gini don wai wayar ba a son ta wuce mita 100. Kowace waya da lambarta a baki biyu, in layi ya mutu ba lalube. Hanyar shigowar wayar intanet ta faiba biyu ya bari ta kusurwa daban-daban, ga Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, a sama in ɗaya ta yanke ɗayar ta ɗauka da kanta, kyamarori da Wi-Fi duk ta wayar netwok suke samun wuta. Sun kuma kafa maganin tsawa da atin mai kyau, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa, wanda duk ya taɓa rasa kwamfuta a hadarin farkon damina ya san amfaninshi.

To ga inda sunka ɓata min rai. Mutanen da sunka yi lissafin tafiyar rana har wata-wata sun manta da ƙura. Ba su kai famfo saman rufi ba kuma ba tsani na dindindin, hunturu na shigowa fanel sunka yi jawur, caji ya faɗi, sai ga maigadinmu dattijo yana hawa da bokiti da sassafe cikin sanyi, abin bai min daɗi ba ko kaɗan, na hana shi na ɗauko yara biyu ina biya. Ƙofar ɗakin saba ma da rata a ƙasa, wata biyu munka buɗe akwatin munka iske ƙura ta kwanta kan fankokin kamar gari. Sannan abin tare zafin nan mai ƙyalli da kaurin bango sun rage sabis na waya a ɗakunan ƙasa, ba wanda ya faɗa muna tun farko.

Abin da ya fi ci min rai shi ne bayan an gama biyansu. Da, kira ɗaya sun ɗauka, yanzu sai in kira sau uku a ce Alhaji ka yi haƙuri muna sait, wato wurin aikin gini. Zanen ƙarshe da ke nuna inda kowane bututu ya bi cikin bango har yau ban karɓa ba, kuma ran da za a huda bango shi za a nema.

Duk da haka in ƙanena zai gina ofis gobe wurinsu zan tura shi, kuɗin zanen da nike ganin ya yi yawa tun shekarar farko na ga inda ya dawo. Sai dai zan ce mishi ya riƙe wani kaso na kuɗin a rubuce sai sun miƙa zanen ƙarshe kuma ginin ya ga hunturu guda. Famfon rufi kuwa na riga na yi magana da mai aikin ruwa, ranar Asabar zai zo ya ja bututu.