Ɗakin karatun dare a Agege: abin da na gani bayan zango uku

Shekara 19 bayan na karɓi difloma na ajiye biro, sai na sake zama ɗalibi a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da aikin kula da sito a wani kamfani a Ikeja. Jami'ar ce da aka kafa a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, har shi ma ya shiga ya yi digirin digirgir bayan ya sauka daga mulki. Tsarinta ya dace da irinmu, domin littattafan kwasa-kwasan suna intanet kyauta kuma ba a tilasta wa ɗalibi zuwa aji kullum. Abin da jami'a ba za ta iya ba magidanci ba shi ne wurin da zai zauna ya karanta, kuma wannan ne ya kai ni wani ɗakin karatu na kuɗi da ke saman wani kantin buga takardu, tafiyar minti goma daga gadar Pen Cinema.

Wurin ba shi da wani kyan gani. Tebura ne dogaye guda huɗu, da kwamfutoci takwas, da fankoki, sai allo a bango ɗaya. Amma mai wurin, wani Bakano da ya daɗe a Legas, ya gane abin da muke saye. Ya sa sola da batura, don haka ko an ɗauke wuta ba ka jin ƙarar janareta, kuma ya hana amsa waya a ciki, dokar da na ga ya zartar har a kan wani dattijo mai sayar da shanu a Oko-Oba da ya haife shi a shekaru. Ana buɗewa bayan La'asar, a rufe ƙarfe goma sha ɗaya na dare, akwai tabarmi da buta a baranda, saboda haka Magariba da Isha ba sa raba mutum da littafinsa fiye da kima. Wanda yake zaune a ɗaki biyu da yara huɗu, ga maƙwabta suna kallon ƙwallo, shi ne zai san darajar awa biyu na shiru. Kuɗin da nake biya a wata bai kai na man da zan ƙona a gida ba, kodayake uwargida ta taɓa tambayata, cikin raha da gaske a haɗe, ko maigida ya yi amarya ne a Pen Cinema.

Ranar Asabar da Lahadi akwai darasi ga masu so, da ƙarin kuɗi kaɗan. Matashin da ke koyar da lissafi da ƙididdiga ya cancanci yabo, domin yana da haƙurin komawa da mu har lissafin sakandare ba tare da ya sa mutum ya ji kunyar furfurarsa ba. Yakan ce mini, "Baba, a sake gwadawa, ai jiya ma kun samu." Ya kuma zaunar da mu gaban kwamfuta muka saba da amsa tambaya da linzami kafin jarrabawar aji ɗaya, wadda a kwamfuta ake yin ta, abin da ya ceci da yawa daga cikinmu da ba su taɓa kama komai ba sai waya. Darasin Turanci kuwa bai gamsar da ni ba, domin malamar karanta littafin kawai take yi da ƙarfi, kuma sau biyu ta zo bayan rabin lokaci ya wuce.

Babban abin da na ƙi shi ne cinikin da ake yi a kantin ƙasa. A tsarin jami'ar, aikin gida da ake kira TMA yana ɗaukar maki 30 cikin 100, jarrabawa kuma 70. Yaron kantin yana karɓar lambar sirrin ɗalibi ya amsa masa aikin gaba ɗaya a kan kuɗi, kuma na ga magidanta masu mutunci suna layi. Na fahimci dalilinsu, domin wanda ya kwana gadi ko ya sha cunkoson Oshodi a danfo ba ya dawowa da sauran ƙarfi, amma abokin zamana da ya bi wannan hanya ya shiga jarrabawa da maki kusan cikakku ya fito bai san inda tambayoyin suka dosa ba, yanzu yana maimaita kwas biyu. Na yi wa mai wurin magana, ya ce kantin haya ya bayar, ba shi da iko a kai, amsar da ban karɓa ba tunda matakala ɗaya muke hawa.

Mata uku ne kawai suke zuwa, dukansu a ƙarshen mako, kuma ɗaya daga cikinsu, ma'aikaciyar jinya, ta nemi a ware musu tebur da labule. An yi mata alkawari tun kafin azumi. Na biya kuɗin zango na huɗu a makon jiya, kuma da na hau sama na tarar da teburin an ja shi gefe, labulen dai ba a rataya ba tukuna.