Colossus ko ENIAC: wacce za a rubuta a katin amsa?

Malama, kin ce kina shirya wa ɗalibai wasan neman amsa, a ɓoye katuna a lungunan aji kowane rukuni ya bi alamu ya nemo, sai kika maƙale a kan tambayar kwamfutar lantarki ta farko: littafinki ya ce ENIAC, wani malami ya ce Colossus. To, kowa da hujjarsa.

In shekaru za a duba, Colossus ce yaya. Tommy Flowers, injiniya a hukumar gidan waya ta Birtaniya, shi ya ƙera ta, ta fara aiki a Bletchley Park, cibiyar warware saƙonnin sirri ta Birtaniya, a farkon 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. ENIAC kuwa, aikin John Mauchly da J. Presper Eckert a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, sai a Fabrairun 1946 aka nuna wa duniya ita.

Sai dai Colossus sana'a ɗaya ta iya: taimakawa wajen warware saƙonnin sirri na manyan hafsoshin Jamus da na'urar Lorenz ke rufewa. Ba na Enigma ba, wata na'urar rufe saƙo ta Jamus ce dabam, don Allah a kula, nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Colossus tana karanta tef na takarda mai huji-huji, haruffa 5,000 a daƙiƙa ɗaya. Ita ENIAC don lissafin harba igwa na sojojin Amurka aka yi ta, amma ana iya juya ta zuwa wani lissafin dabam. Juyawar ce aiki: a zare wayoyi a sake soka su, a murɗa makunnai ɗaya bayan ɗaya, har a kwashe kwanaki. Mata shida ne suka fara riƙe wannan aikin, kuma an daɗe ba a ambaton su.

Girma ma ba a haɗa su. ENIAC ta kai kimanin tan 30, da ƙwayayen gilashi irin na tsofaffin rediyo kusan 18,000. Colossus ta farko wajen 1,600 gare ta.

Abin da ya sa littattafai suka fi sanin ENIAC shi ne gwamnatin Birtaniya ta rufe zancen Colossus ruf, aka wargaza yawancin na'urorin Colossus da aka ƙera bayan yaƙi ya ƙare, labarin bai fito fili ba sai a shekarun 1970.

A ganina, ki jefar da tambayar "wacce ce ta farko" gaba ɗaya, don rigima za ta haddasa tsakanin rukunai, ke ce kuma alƙaliya. Yi katuna biyu. Na ɗaya: "Na yi aikin leƙen asiri a Ingila a 1944, aka ɓoye sunana wajen shekaru 30." Na biyu: "Nauyina tan 30, kuma sai an sake min wayoyi nake canza aiki." Rukunin da ya fara kawo duka biyun, ki tambaye su wacce suke ganin ta cancanci lambar farko, ki ba da ƙarin maki a kan hujjar da suka kawo.