Sharhi: Yadda PostGIS ta yi mini wajen daidaita tazarar ɗigogin iyakar gonaki

Damina biyu ke nan ina riƙe da taswirar gonakin shinkafa na wata ƙungiyar manoma a yankin Kura da Kadawa. Yaranmu kan zaga iyakar kowace gona da wayar hannu, GPS yana zuba ɗigo a duk inda suka taka, daga baya in haɗa ɗigogin su zama siffar gonar. Matsalar ita ce ƙafar mutum ba ta san awo ba. Inda yaro ya tsaya gaisawa da mai gona, sai ka tarar da ɗigo talatin sun taru wuri ɗaya kamar tururuwa a kan rake. Inda kuma ya hau babur ya bi bakin kwata, tsakanin ɗigo da ɗigo ya fi mita arba'in. Ni kuwa so nake in gwada iyakar bara da ta bana in ga inda aka matsa, kuma hakan ba ya yiwuwa da kyau sai ɗigogin sun jeru da tazara iri ɗaya.

Bayanan duk suna cikin PostgreSQL, manhajar rumbun adana bayanai, tare da PostGIS, ƙarin da ke ba rumbun bayanan ikon fahimtar taswira. Wani kamfani a Kanada mai suna Refractions Research ne ya fara fitar da ita a 2001, kuma har yau kyauta ce. Don haka can na nufa.

Abin da na fara nema shi ne umarni guda da zai gama aikin, kuma babu shi. Na ga ST_Resample na yi murna, ashe na hotunan rasta ne, wato taswirar da ke a siffar hoto, ba ruwansa da layi. Daga nan na koma ga ST_Segmentize, wanda kusan kowa ke fara kaiwa gare shi. Aikinsa shi ne ya tabbatar babu gaɓar layin da ta wuce tsawon da ka ba shi. Ƙari yake yi, ba ya ragi. Dogon gefen da aka bi a babur ya yanka mini shi gunduwa-gunduwa daidai wa daida, amma cincirindon ɗigogin wurin gaisuwa suna nan inda suke. Ban ga laifinsa ba, domin abin da takardar bayaninsa ta ce zai yi shi ya yi. Kawai dai ba shi ne maganin ciwona ba.

A nan ne kuma na koyi darasin ma'auni. Na rubuta 10 da nufin mita goma, umarnin ya gudu lafiya, babu abin da ya sauya. Taswirar tana kan tsarin awon taswira mai lamba 4326, wanda awonsa digiri ne, kuma digiri ɗaya ya kai kimanin kilomita 111. Wato cewa na yi kada gaɓa ta wuce kilomita dubu da ɗari. Sai da na juya komai da ST_Transform zuwa 32632, shiyya ta 32 da Kano ke ciki a tsarin UTM mai awo da mita, sannan lamba goma ta zama mita goma.

Hanyar da ta fisshe ni haɗa ta na yi da hannu. Na fara da ST_Dump, mai raba gona gida-gida, domin wasu manoman gonarsu gida biyu ce a layi ɗaya na jadawali, kuma ST_ExteriorRing, mai zare zoben iyakar gona, ba ya karɓar irin wannan. Bayan na zare zoben iyakar, sai na auna tsawonsa da ST_Length, na raba da tazarar da nake so, na mayar da amsar cikakkiyar lamba. Wannan ita ce yawan ɗigogin. Daga nan generate_series ya ƙirga mini su, ST_LineInterpolatePoint kuma ya ɗora kowanne a gurbinsa. Shi wannan umarnin ba mita yake ji ba, kaso yake ji daga 0 zuwa 1, inda 0 ke nufin farkon layi, 1 kuma ƙarshensa. Sai ST_MakeLine ya ɗinke su bi da bi, in maimaita ɗigon farko a ƙarshe don zoben ya rufe, ST_MakePolygon ya dawo da gonar.

Tarko biyu na ci karo da su a wannan hanya. PostgreSQL idan ya raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, jefar da ragowar yake yi, don haka wajen fitar da kason ɗigo na 3 cikin 32, 3 a raba da 32 sifili ne a wurinsa, ɗigogin duk su koma mafari. Dole a mayar da ɗaya daga cikin lambobin mai ɗigon lissafi, kamar 3.0, tukuna. Na biyu, in ba ka sa ORDER BY, umarnin jerawa, a cikin ST_MakeLine ba, babu tabbacin za su ɗinku a jere. Akwai kuma ST_LineInterpolatePoints, mai harafin jam'i a ƙarshe, da ya shigo a PostGIS 2.5, wanda ke zuba ɗigogin gaba ɗaya. Ya fi gajarta, amma na zauna a kan doguwar hanyar saboda ina son lambar kowane ɗigo a hannuna.

Da na buɗe sakamakon a QGIS, manhajar duba taswira, gaskiya raina ya yi fari. Ɗigogi sun jeru kamar shukar igiya, kuma duka gonakin sun gama kafin shayina ya huce.

Sai dai akwai abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin rubuta wannan sharhi. Daidaita tazara yana cin kusurwa. Ɗauki gona mai tsawon mita 100 da faɗin 60. Zagayenta mita 320, girmanta murabba'in mita 6,000. In ka nemi tazarar mita 25, ɗigo 13 za ka samu, tsakaninsu kusan mita 24.6. Kusurwar da ka fara daga ita ce kaɗai za ta tsira. Sauran ukun layin zai yanke su a karkace, a rasa kimanin murabba'in mita 168, kusan kashi 3 cikin 100 na gonar. A allon kwamfuta wannan ba ya ko ɗaukar ido. Amma a wurin da ake raba taki da iri gwargwadon girman gona, haƙƙin mutum ne aka zaftare. Asarar tana raguwa da sauri in ka matse tazarar: a mita 10, mafi yawan abin da kusurwa mai digiri 90 za ta rasa murabba'in mita 12.5 ne, a mita 5 kuma ɗan sama da 3.

Ga kuma maƙwabta. Gonaki biyu masu iyaka ɗaya, kowacce mafarinta daban, zagayenta daban, don haka ɗigoginsu ba sa faɗawa wuri ɗaya. Sai ka ga 'yar tsaga a nan, can kuma ɗaya ta hau ɗaya. Wani dattijo da na nuna wa taswirar da aka buga ya ɗora yatsa a kan irin wannan tsagar ya ce, "Ɗana, wannan siririn filin na waye?" Tun ranar na sauya tsari: ina tsinka iyakar a kowace kusurwa ta gaske, in daidaita kowane gefe shi kaɗai sau ɗaya, sannan in sake gina gonakin da ST_Polygonize. Tazarar takan ɗan bambanta daga gefe zuwa gefe, na kuma yarda da hakan. Bayan kowane gudu ina bin su da ST_IsValid, mai duba ingancin siffa, domin a siraran gonaki sabon layin kan iya gitta kansa.

Zan ba duk mai irin aikina shawarar PostGIS, muddin ya ɗan iya SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni, kuma yana da haƙurin haɗa umarni shida ko bakwai. A rumbuna yanzu kowace gona tana da siffa biyu: wadda aka daidaita, don gwada shekara da shekara, da ta asali wadda yaro ya taka da ƙafarsa. Girman da ke shiga takardar manomi daga ta asalin nake ɗaukarsa.