Dillalin tsofaffin motoci da ya sayar mana da katirel ɗin Baba a Garwa

Tun ranar da na sa hoton motar nan a kan kamiyo mutane ke damuna a WhatsApp, wai wa ya sayar mana da ita, nawa aka biya, mutumin na da amana ko babu. To bari in rubuta sau ɗaya in huta. Sunansa dai ba zan kama ba don akwai inda zan yabe shi akwai kuma inda ya ɓata min rai sosai. Yaro ne matashi a nan Garwa ta Kamaru, makaniki ne asalinsa, yanzu ya koma dillancin tsofaffin motoci ga masu tara su, irin mutanen da ke sayen mota don sha'awa kawai su ajiye suna gogewa.

Motar Renault 4 ce, wadda muke ce ma katirel, ta 1976. Baba ya saye ta a 1983 hannun wani Bafaranshe malamin lise da zai koma gida. Kuma fa mafi ƙanƙanta ce a cikin danginta, ba rediyo, ba kafet sai roba a ƙasa, gilashin ƙofa turawa ake yi gefe kamar tagar shago, giya kuma daga dashbod take fitowa kamar mariƙin lema, ka ja ka tura. Da ita Baba ya yi shekaru yana kai atamfa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, Gidar da Figil kuwa ba a magana. A 2009 da idonsa ya fara rauni ya shigar da ita rumfar kwano a bayan gida ya jefa makullin a aljihu shikenan, kaji suka gaje ta. Bara Allah ya yi masa rasuwa, aka zo rabon gado Kawu yace a sayar a raba kuɗin tunda mota ba ta yankuwa gida tara. Ƴan gwangwan suka zo suka zagaya ta suka taya jaka 70 na sefa, wai kuɗin ƙarfe ne. Saura kaɗan Kawu ya sallama wallahi.

Ƙanena ne ya kawo wannan dillalin. Kafin ya zo mun riga mun shirya ni da ƙanen nawa za mu kai ta a yi mata sabon fenti ja, a sa mata jant masu sheƙi da kushin na zamani, a tunaninmu haka za ta yi tsada. Da ya ji haka sai ya kama kai yace Yaya don girman Allah kar ku taɓa ta, ko sabulu mai ƙarfi kar a sa mata. Yace masu tara irin waɗannan motoci fentin kamfani suke nema ko ya koɗe, kujerar asali ko ta tsage, kuma ita wadda ba ta da komai ɗin nan ita ce ta fi wuyar samu a yadda ta fito, saboda mai ƙaramar mota talaka ne, ko ya yi ta aiki da ita har ta mutu a hanya ko ya yi ta liƙa mata kayan wasu motoci. Tamu kuwa Baba da rowarsa, Allah ya jiƙansa, ko madubi bai taɓa ƙara mata ba, yau ga rowar ta yi rana.

Nan ne na san yaron ya san aikinsa. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashinta da tocilan ɗin waya, ya ɗauki sukuddireba yana caka ƙarfen shasi ta baya, daidai inda ƙafafun baya suke kamawa, yana sauraren ƙarar. Yace nan ne katirel ke mutuwa, a Faransa ruwa da gishirin da suke zuba wa titi lokacin sanyi suna cinye wurin har ka sa yatsa ya wuce, amma tamu ƙarfen na ƙara tangaran, zafin Garwa da muke kuka da shi a watan Maris da Afrilu shi ya adana ta. Sai Kawu da ke tsaye yace ai motar ta taɓa haɗari, tun da can ya lura tayar baya ta gefe ɗaya ta fi ɗayar matsowa gaba. Yaron ya yi dariya yace Baffa ba haɗari ba ne, haka kamfani ya ƙera ta, ya kawo tef ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya hagu da dama, bambancin ƴan santimita ne, yace sandunan ƙarfen da ke riƙe nauyinta a baya ɗaya ne a gaban ɗaya a kwance shi ya sa ƙafafun ba su zo daidai ba, duk katirel ɗin duniya haka take. Shekara arba'in Kawu na zargin Baba ya ɓoye masa haɗari.

Wajen farashi ma bai yaudare ni ba, ni ne ma na so in yaudari kaina. Na shiga intanet na ga ana sa irinta dubban yuro a Faransa, na buga lissafi da 655 da ɗoriya da ake canza yuro ɗaya da sefa, na fara ganin kaina a kan sabon babur har da canji. Yace Yaya sauko. Renault ta fara wannan mota a 1961 ta yi ta yinta sama da shekara talatin, fiye da miliyan 8 aka ƙera, Faransa cike take da su har ɗalibai na saye suna zuwa tseren 4L Trophy a hamadar Maroko, to wane Bature ne zai biya kamiyo daga Garwa zuwa Duwala, ya biya kwantena da duwan, wato kwastan, a kan motar da zai samu a ƙauyen kakarsa? Kuma yace masu son hawa kullum sun fi neman katirel samfurin GTL da ta fito a 1978 mai inji 1108, ta fi ƙarfi a hanya. Tamu mai sayenta mutum ɗaya ne cikin dubu, a cikin ƙasar nan yake, sai mun yi haƙuri mun jira shi. Da Fijo 504 ce irin ta Kaduna da tuni ƴan haya sun ɗauke, amma da farashin aiki ba na ajiya ba.

Gyaran da ya yi kaɗan ne, batir, wanke tanki da karbirato, robobin birki, mai da buji, sai tayoyi ƴan sirara masu lamba 135 a kan jant 13 da ya nema a gari ya rasa sai daga Duwala aka aiko. Duka jaka 185, kuma ya kawo min rasit na kowane abu, wannan na yaba. Ranar da ta tashi bayan shekara goma sha biyar tana barci hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse, Inna ta fito daga ɗaki da gudu ta tsaya ta kasa cewa komai, ita ƙarar ta sani.

Ya ɗauki hotuna sun fi sittin, har ƙarƙashi, har lambar shasi, har ɗan littafin kamfani da muka samu a kan shiryayyen da ke ƙasan dashbod tare da tsohon carbin Baba, ya yi bidiyon tashinta da safe injin na sanyi, ya watsa a gurup ɗinsu na Facebook da WhatsApp. Wata biyar muna jira. Wani daga Njamena ya taya jaka 500 wai zai ajiye ta ƙofar gidan abincinsa don ado, muka ce albarka. Wani kuma ɗan damfara ne, wai yana Turai mu tura kuɗin takardu ta Orange Money tukuna, yaron tun saƙo na biyu ya gane shi ya toshe.

Yanzu ga inda muka saɓa. Na farko waya. Idan yana da labari mai daɗi sau biyar zai kira ka a rana, idan babu kuwa sai ka yi sati biyu kana kira ba ya ɗauka, ni kuma ƴan uwa tara ne a wuyana kowa na tambaya ina kuɗin mota, har aka fara yi min wani kallo a gidan. Na biyu, ya fita da ita yawo ba da izininmu ba, wai gwaji, ya je ya goga bayanta a bango murfin fitilar baya ya fashe, ya sa sabo na roba wanda launinsa bai zo ɗaya da na ɗaya gefen ba ya yi shiru. Mutumin da ya hana mu taɓa ta da sabulu fa.

Na uku shi ne babba, takardu. Tun ranar farko na gaya masa kart giriz, wato takardar mallakar motar, da sunan marigayi take, yace ba matsala shi zai ji da komai. Sai da mai saye ya fito sannan ya zo yana sosa ƙeya wai sai an kawo takardar rasuwa da hukuncin kotu na magada, kowa ya sa hannu kafin a yi takardar sayarwa a buga mata hatimi a komisariya. Yayarmu ɗaya tana aure a Kuseri, wani ƙanenmu yana Yola, kafin a haɗa su wajen sati shida ya wuce, mai sayen har ya fara cewa a bar maganar. Abin da da an fara shi tun watan farko da tuni an gama muna zaune. Mutumin da wannan ce sana'arsa bai kamata ya jahilci haka ba, ko kuma ya sani ya ƙi faɗa don kar mu fasa ba shi aikin, ni na fi zargin na biyun.

Sai la'ada. Mun yi magana da baki kashi goma cikin ɗari, ranar biya ya ƙaro jaka 60 wai kuɗin talla da kiredi da man babur. Muka yi ta ja a zauren gida har sai da Kawu ya shiga tsakani aka tsaya a 30. Laifina ne da ban sa an rubuta ba. Maƙwabcinmu da ke son ba shi tsohuwar 404 ɗinsa na ce masa ya ba shi, don a iya sanina ba wanda ya kai shi sanin masu sayen nan a Arewa, amma a rubuta la'ada da duk abin da za a kashe a takarda gaban shaidu biyu, makulli kuma ya kwana a gida.

Wanda ya saya likita ne daga Yawunde, dattijo, ya hau jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundere sannan ya shigo bas ya gangaro Garwa. Yace mahaifinsa irinta ya yi, a cikinta aka kai shi makaranta ranar farko. Fitilar bayan nan kuwa kallo ɗaya ya yi mata ya gane, ya cire jaka 25, ni kuma na cire ta daga la'adar yaron bai ce uffan ba. Aka tsaya a miliyan 1 da jaka 375, a motar da aka taya jaka 70.

Ana cikin ɗaure ta a kan kamiyo likitan ya shafa wata lotsawa a ƙofar direba ya tambaya ko mun san asalinta. Ni ban sani ba, Kawu ma bai sani ba. Inna ce daga bayan labulen zaure tace bijimi ne ya tunkuye ta a kasuwar Pitowa shekarar da aka haifi autanmu, Malam ya dawo yana ta faɗa ya rantse ba zai biya kuɗin gyara ba sai mai san ya biya, mai san kuma ba a sake ganinsa ba. Likitan ya ciro biro ya rubuta a bayan littafin motar, ya tambayi shekarar, Inna tace 1991, ya rubuta, yace wa direban kamiyon kar igiya ta bi ta kan wurin.